Garin Gyaran Gira: Jawabi Kan Saita Hoton Bidiyo a Kwamfutar Gida



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne yadda mutum zai saita hoton bidiyo a kwamfutarsa ta gida, musamman tsohon hoto wanda aka ɗauka ƙarami, ga shi kuma ana so ya cika babban allo. Wani zai ce wannan ai zancen 'yan kallo ne. To, amma mu tuna, a cikin tsofaffin kaset da faifan da ke jibge a gidajenmu akwai bikin auren iyayenmu, akwai hawan salla, akwai karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya, akwai kuma finafinan Hausa tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990. Yadda muka saita na'urarmu, haka 'ya'yanmu za su ga fuskokin waɗannan mutane. Saboda haka al'amarin ya shafi amana.

Bari mu fara da tushe. Hoton da ke kan allo ɗige-ɗige ne aka jera, layi bisa layi, kamar yadda mai ɗinkin hula yake jera sarin allura har zane ya fito. Faifan VCD irin na ƙasarmu yana da ɗigo 352 a faɗi, 288 a tsaye, jimla 101,376. Faifan DVD yana da 720 da 576, watau 414,720. Allon kwamfutocin da yawancinmu muke riƙe da su yana da 1920 da 1080, wanda ya haura ɗigo miliyan 2, shi kuwa wanda ake kira 4K yana da 3840 da 2160, sama da miliyan 8 ke nan.

To, ga inda lissafin yake. In aka sa faifan VCD a allo mai layi 1080, aka bar shi da siffarsa ta asali, zai mamaye ɗigo 1440 da 1080, watau kusan ninki 15 na abin da ke cikin faifan. Ma'ana, a duk ɗigo 15 da idonmu ya gani, guda ɗaya ne kacal yake da tushe a faifan, sauran 14 kuwa kwamfuta ce ta yi kirdadonsu. A allon 4K abin ya kai ninki 61. Wannan kirdado shi ne ake nufi da faɗaɗa hoto. Kowa a nan ya san abin da ke faruwa in baƙi suka yi yawa aka ƙara wa fura ruwa: ƙwarya takan cika, amma geron yana nan yadda yake. Gwanintar mai damu ita ce ya ƙara ruwan yadda ba za ta salance ba, kuma gwanintar mai saita hoto ke nan.

Hanyoyin kirdadon nan iri-iri ne. Mafi sauƙi ita ce kwamfuta ta kwafi ɗigon da ya fi kusa ta maimaita shi, sai hoto ya fito da gidaje-gidaje kamar dara. Ta biyu ita ce ta dubi maƙwabta 4 ta ɗauki matsakaicinsu; wannan takan kawar da gidajen, amma hoto ya yi dishi-dishi kamar ana kallonsa cikin hazo. Ta uku takan dubi maƙwabta 16, ta fi ta biyu fito da gefen abubuwa. Sa'an nan akwai wadda ake kira Lanczos, sunan wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hungari, Cornelius Lanczos, wanda ya rasu a 1974. Ita takan ba da kaifi sosai, sai dai wani lokaci takan bar wani siririn zobe mai haske a gefen abu mai duhu, kamar inda baƙar fuska ta haɗu da farin rawani. Dukan hanyoyin nan 4 lissafi ne a kan abin da ke cikin faifai. Ko sun gyara ko sun ɓata, ba su kawo baƙon abu daga waje.

Sabuwar hanya ita ce ta ƙirƙirarriyar basira, kuma a nan ne muke so a ba mu kunne da kyau. A watan Fabrairu na 2023 kamfanin Nvidia ya fitar da wata dabara mai suna RTX Video Super Resolution, wadda ke faɗaɗa bidiyo nan take a cikin Chrome da Edge ga masu katin hoto na kamfanin, tana da mataki daga 1 zuwa 4. Akwai kuma manhajoji na sayarwa waɗanda ake ba su tsohon bidiyo su kwana suna aiki a kansa. Yadda suke yi shi ne, an riga an nuna wa na'urar hotuna masu ɗimbin yawa, kowanne da ƙaraminsa da babbansa, har ta koyi cewa dishi-dishi irin kaza galibi gashin ido ne, irin kaza kuwa saƙar tufa ce. In ta ga dishi-dishi a faifanka, sai ta zana abin da ta saba gani a wurin. Sau da yawa sakamakon yakan ba da sha'awa ƙwarai. Amma abin da ta zana daga taskarta ya fito, ba daga ranar bikin ba.

Misalai biyu sun isa su nuna haɗarin. A 2020 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka fitar da wata dabara mai suna PULSE, mai mayar da ƙaramin hoton fuska babba. Da wani ya ba ta dishi-dishin hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar wani Bature wanda babu shi a duniya, aka kuwa yi ta muhawara a kan irin fuskokin da aka koyar da na'urar da su. Mu da fatarmu take baƙa, muke da zane a fuska, da lalle, da aikin allura a wuyan riga, ya kamata mu fi kowa lura da wannan, domin na'urar da ba ta saba da zanen fuska ba tana iya ɗaukarsa datti ne ta share. Na biyu, a 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar wani bidiyon waya da aka gyara da irin wannan basira a matsayin shaida a shari'ar kisan kai, saboda na'urar ta ƙara abin da babu shi a asali. Yayyenmu da ke aiki a kotuna da gidajen talabijin da ma'ajiyar tarihi, wannan darasi naku ne: bidiyon da aka faɗaɗa ta haka ya dace da nishaɗi, amma in ana neman hujja sai a koma ga na asali.

Yanzu sai mu zo ga aikin hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da maɓallin kaifi, alhali shi ne na ƙarshe. Ga jerin da muke ba da shawara a bi.

Da farko a nemi kwafi mafi kyau. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Bidiyon da ya bi ta waya goma, kowace ta matse shi don ya yi sauƙin aikawa, ya riga ya zubar da rabin kayansa a hanya, kuma faɗaɗa shi ƙara fito da tabonsa ne kawai. In faifan asali ko kaset ɗin yana nan, daga gare shi za a ɗauko.

Na biyu, siffa. Tsohon hoto faɗinsa 4 ne tsayinsa 3, allon yanzu kuwa 16 ne da 9. In aka ja shi don ya cika allo, kowane abu yakan ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku, siririn mutum ya koma ƙato, faranti ya koma kamar ƙwai. Baƙin fili da ke dama da hagu ba aibi ba ne, shi ne alamar an bar hoto da siffarsa. A manhajar VLC, danna harafin A yakan juya siffa har a dace da ta daidai. Ita VLC ɗin ma abin alfahari ce ga ɗalibai, domin ɗaliban makarantar École Centrale ta birnin Faris ne suka fara aikinta a 1996, aka sake ta kyauta ga duniya a 2001.

Na uku, saƙar layi. Tsohuwar talabijin ba ta zana hoto gaba ɗaya. Takan zana layukan mara, sa'an nan ta dawo ta zana na cika, sau 50 a sakan ɗaya bisa tsarin PAL wanda Nijeriya ta bi. Allon kwamfuta kuwa a tare yake nuna su. Shi ya sa in mutum ya ɗaga hannu a bidiyon da aka kwafo daga kaset ko DVD, sai a ga gefen hannun ya yi haƙora kamar matsefi. Maganinsa shi ne a warware saƙar kafin a faɗaɗa. A VLC harafin D ne ke kunna wannan, hanyar da ake kira Yadif kuwa takan wadatar. In aka faɗaɗa ba a warware ba, haƙoran ne za su girma.

Na huɗu, baƙi da fari, kuma nan ne ya fi shafarmu. A ƙa'idar bidiyo, baƙi ƙirin yana kan lamba 16, fari fat yana kan 235. A ƙa'idar kwamfuta kuwa daga 0 ne zuwa 255. In katin hoto da allo suka saɓa a kan wannan, ɗayan biyu ne: ko baƙi ya koma toka-toka hoto ya koɗe, ko kuwa duk abin da ke da duhu ya dunƙule ya zama baƙi guda, fuskar mutum ta ɓace sai idanu da haƙora. Wurin gyaran yana cikin saitin katin hoto, inda aka rubuta waɗannan lambobi. Bayan an daidaita su, sai a tsayar da bidiyo a kan fuskar baƙin mutum sanye da fararen kaya. A ɗaga haske har a ga kumatu da goshi sun rabu da inuwa, a kuma rage ƙarfin fari har a ga lanƙwasar riga da aikin da ke kanta. In an ga biyun nan a lokaci ɗaya, an dace. Launi kuwa a bar shi kusa da inda yake. In fata ta fara ja kamar manja, an wuce gona da iri.

Na biyar, tafiyar hoto. Bidiyonmu hotuna 25 ne a sakan, yawancin allunan kwamfuta kuwa sau 60 suke sabuntawa. Da yake 25 ba ta shiga 60 daidai, sai wani hoto ya tsaya sau 2, wani sau 3, a ga doki yana sukuwa yana ɗan tuntuɓe. In allon ya yarda a mayar da shi 50, tuntuɓen yakan tafi. Akwai kuma dabarar da ke ƙirƙiro hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi. Masu shirya fim da yawa ba su son ta. A 2018 ɗan wasan nan Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie har bidiyo suka yi suna roƙon jama'a su kashe ta a talabijin ɗinsu in za su kalli fim. Mu ma ra'ayinmu ke nan, in ban da wajen kallon ƙwallo.

Sai bayan duk wannan ne za a zaɓi hanyar faɗaɗawa. Manhajoji irin su mpv, ko MPC-HC haɗe da madVR, sukan bar mutum ya zaɓa da kansa. Ga tsohon faifai mai yawan tabo, hanyar maƙwabta 16 ta fi rufa asiri. Ga DVD mai tsabta, Lanczos takan yi kyau. In za a gwada ta ƙirƙirarriyar basira, a fara daga ƙaramin mataki, a tsayar da hoto a kan fuskar wanda aka sani, a kunna a kashe ana kwatantawa. In fata ta koma sumul kamar roba, ko rubutun da ke jikin allo ya rikiɗe ya zama haruffan da ba su karantuwa, to a sauka. Maɓallin kaifi kuwa kamar gishiri yake a miya, in har an ji shi to ya yi yawa.

Kada kuma mu manta da wuta. Manyan matakan nan sukan sa katin hoto aiki tuƙuru, kwamfuta ta yi zafi, fanka ta yi ta kuka, batir ya ƙare da wuri. Ga ɗalibin da ke lallaɓa cajinsa don ya kai shi ƙarshen karatun dare, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Abin da ya fi masa amfani shi ne ya tabbata manhajarsa tana barin katin hoto ya warware bidiyon da kansa, domin hakan ya fi sauƙin cin wuta. Sau da yawa ma, ja da baya kaɗan daga allo, ko rage girman tagar da hoton ke ciki, ya fi kowace dabara gyara tsohon bidiyo, kuma ba a biyan ko kwabo.

Daga ƙarshe, roƙonmu ga duk wanda zai kwafe kaset ko faifan gidansu shi ne ya ajiye kwafin farko yadda ya fito, da dishi-dishinsa da komai, a wuri biyu daban-daban, ya rubuta shekara da sunan taron. Gyara a yi shi a kan kwafi na biyu. Dabarun faɗaɗawa suna sauyawa kusan kowace shekara, wanda ya riƙe asali yana iya sake gwadawa gobe da abin da ya fi na yau, wanda kuwa ya share asali ya riƙe gyararre ya rufe wa na baya ƙofa. Magabata sun ce garin gyaran gira akan rasa ido. Gara jikokinmu su ga kakarsu cikin ɗan hazo, ita ce da kanta, da a nuna musu wata kyakkyawar baƙuwa a ce ita ce.

Shugaban taro, iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan.  Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya sa mu zama masu riƙon amana.