HAYAƘIN INJI DA HASKEN RANA

(Ga laccar da akawun reshenmu ya karanta a gaban 'yan kasuwa da sauran 'ya'yan jam'iyya. Mun buga ta duka, domin waɗanda ba su sami zuwa ba.)



An umurce ni in yi muku magana a kan hayaƙi. Na sani wani zai ce a ransa, mu da mu ke fama da tsadar hatsi, ina ruwanmu da hayaƙi? To, ku kasa kunne. In na gama, wanda ya ga har yanzu ba ruwansa sai ya miƙe ya faɗi, ba mai hana shi, gama nan ba fada ba ce.

Duk abin da aka ƙona, ko fetur, ko man gas, ko kwal, ko itace, yana sakin wata iska wadda masana su ke kira kabon. Ba a ganinta, ba ta da wari. Sai ta hau sama ta taru, ta zama kamar bargo a kan duniya, zafin rana ya shigo, amma ba duka ya ke samun hanyar fita ba. Tun sa'ad da Turawa suka fara ƙona kwal a masana'antunsu, yau shekara wajen 200 ke nan, zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. Kada ku raina digiri ɗayan nan. Shi ke rikita damina, ruwa ya ƙi zuwa a kan kari, in ya zo kuma ya zo da hauka. Kun tuna ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan. Kun tuna Satumba ta 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, ko da ya ke a can har da maganar rashin gyara. Masana sun ce irin wannan ruwa mai sauka da yawa a lokaci guda zai riƙa ƙaruwa muddin zafi na ƙaruwa.

Wa ya tara hayaƙin nan? Ba mu ba ne. Afirka duka, daga Masar har Afirka ta Kudu, abin da ta ke saki a shekara bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Sin da Amurka su ne kan gaba. Watau kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2021 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya tafi Gilasgo ya yi alkawari a gaban duniya, cewa kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta, aka kuma sa hannu a kan doka a shekarar. 2060, jama'a! Yawancinmu da ke zaune a nan mun daɗe a makwanci.

Saboda haka ban zo in ce ku rage hayaƙi don ku faranta wa Turawa rai ba. Akwai hayaƙin da ya ke namu, a ƙarƙashin hancinmu, a ƙofar rumfarmu, mu ne kuma mu ke biyan kuɗinsa kowace safiya. Ina nufin janareta.

Ba don marmari muka sayi inji ba. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wutar da a ke rabawa shekara da shekaru tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. A watan Oktoba na 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, mai ƙanƙara ya yi hasara, tela ya naɗe hannu. Ran 29 ga Mayu 2023 kuwa shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da mu ke saye wajen naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. An hana mu wuta, sa'an nan an tsauwala mana man da mu ke yin tamu da shi.

Ni akawu ne, aikina lissafi, sai ku yi haƙuri da ni mu yi shi tare. Mu ɗauki layi guda a kasuwa mai ƙananan injuna 40. A ce kowane yana shan lita 3 a yini. Lita 120 ke nan. A ce lita naira 900 ce, don sauƙin lissafi. Kowace rana layin nan ya ƙona naira 108,000. A wata mai ranar ciniki 26, ya tasam ma naira miliyan 3, ban da baƙin mai, ban da kuɗin makaniki. Ta wajen hayaƙi kuwa, kowace litar fetur tana sakin kabon wajen kilo 2.3. Wani zai yi mamaki, yaya lita da ba ta kai kilo guda ba za ta haifi fiye da kilo 2? Dalili shi ne, in mai na cin wuta yana haɗuwa da iskar da mu ke shaƙa, nauyinta ya ƙaru a kan nasa. To, layin nan kaɗai yana sakin kilo 276 a yini, a shekara ya wuce tan 80. Layi ɗaya fa. Ku ƙirga layukan Kwari da Singa da Wambai da Kurmi.

Ba kabon kaɗai inji ke fitarwa ba. Akwai wata iska mai guba, ita ma ba ta da wari, wadda ke kashe mutum yana barci. Kowa a nan ya taɓa jin gidan da aka kwana da inji a ɗaki ko a soro aka wayi gari da gawawwaki. Ga ƙara mai sa ka yi ciniki da ihu kamar kuna faɗa da mai saye. Ga jarkar fetur a bayan kaya, a kasuwar da gobara ta san hanyarta. Ba mu manta da Maris na 2016 ba, sa'ad da wuta ta cinye shaguna fiye da 3,000 a kasuwar Sabon Gari.

A kasuwar nan ta Sabon Gari, wadda a ke kira kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, aka gwada wata hanya. A 2018 hukumar kai wuta karkara ta tarayya ta kawo wani kamfani mai suna Rensource, aka shimfiɗa farantan sola a kan rufi, aka haɗa su da batura, aka ja waya zuwa shaguna, mai shago yana biyan kuɗin wutar da a ke ba shi. A Abuja kuma, a 2019, ƙungiyar 'yan kasuwar Wuse ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin raba wuta da wani kamfanin sola, domin a kafa wa kasuwarsu tasha mai megawat 1. A 2019 ɗin nan aka buɗe ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1, a Janairu na 2023 kuma ta Kumbotso mai megawat 10. Mu 'yan hamayya ne, amma ba mu kiran fari baƙi. Waɗannan ayyuka sun nuna rana tana iya riƙe kasuwa.

Akwai dalilin da ya sa kasuwa ta fi gida dacewa da sola. Gida da dare ya ke son wuta, tilas a tara ta a batir, batir kuwa shi ne mai tsada, shi ne kuma mai saurin mutuwa. Kasuwa da rana ta ke ci. Sa'ad da fanka da keken ɗinki da firiji su ke neman wuta, a sa'an nan ne rana ta ke tsaka, mu kuwa a nan muna samun sa'a 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi kusan kullum. Faranti mai kyau yana yin shekara 20 zuwa 25. Kuɗinsa a kasuwar duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, sai dai faɗuwar naira ta cinye mana wani abu daga rahusar.

Amma ga tambayar da na ke so ku tafi da ita. Faranti na wa? In na kamfani ne, kai mai saye ne kawai. Shi zai yanka farashi, shi zai tashi ran da ya ga riba ta ragu. Jiya kana hannun mai gidan mai, yau kana hannun mai faranti. Ka huta da hayaƙi, gaskiya ne, amma ba ka fita daga haya ba. Talakan ƙasar nan ya gaji da zaman haya a cikin abin da Allah Ya ba kowa kyauta.

Ba kuwa sabon abu na ke kawo muku ba. Unguwa nawa ta yi karo-karo ta sa wa rijiyar burtsatse sola? Masallaci nawa? Manoman rani nawa suka ajiye injin ban ruwa na fetur tun 2023? Yaron da ke cajin waya a bakin tasha da faranti guda ya riga manya ganewa. Adashe kuwa iyayenmu mata sun fi kowane banki iya shi. Layin da ke ƙona kusan miliyan 3 a wata ba matalauci ba ne, kuɗinsa ne ke tafiya sama. Doka ma ba ta tare hanya ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta yarda mutum ya samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 a wuri guda ba, ya kuma raba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, ba tare da lasin ba.

Ba zan ɓoye muku wuyar abin ba. Ta farko, kuɗin a dunƙule a ke biya, fetur kuwa kaɗan kaɗan. Maganinta a fara da ƙarami: fitila, fanka, caji, keken ɗinki. Injin niƙa da walda su jira zagaye na biyu. Tuwo da suya kuma sola ba ta ɗauke su da araha ba tukuna, maganar murhu da itace sai wata ranar. Ta biyu, amana. Adashe nawa ya mutu a hannun uwar adashe? Kada kuɗi su kwana a aljihun mutum ɗaya. A buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a fili kowane wata, kowane shago da mitarsa, don kada mai ƙwan fitila ɗaya ya biya wa mai firiji biyu. Daga ranar farko a riƙa ware kuɗin sabon batir, gama na dalma a zafin nan namu ba ya wuce shekara 2 ko 3, na litiyam ya fi daɗewa amma ya fi tsada. In ya mutu kada a bar yara su fasa shi. Gubar dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da ya ke waccan daga haƙar zinariya ta fito. Lokacin hunturu kuma ƙura tana rufe faranti ta rage masa ƙarfi, sai a sa yaro ya riƙa wankewa, a biya shi.

Wuya ta uku ita ce ta siyasa, ita ce kuma ta kawo mu nan. Rufin kasuwa ba namu ba ne, na hukuma ne. Mun kuwa san halin masu rasit. Ran da suka ga faranti yana walƙiya a sama, ran nan za a haifi sabon haraji. Don haka abin da mu ke nema a rubuce ne: izinin rufi na shekaru masu yawa, da hatimi, ba kuɗin goro, ba sabon rasit. Har wa yau, a Disamba ta 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 domin irin wannan aiki a Nijeriya. Bashi ne, da mu da 'ya'yanmu za mu biya. Muna so a buga a fili wa ya karɓa, nawa ya karɓa, kuma a buɗe ƙofa ƙungiyar 'yan kasuwa ta nema da sunanta. A 2025 an ji wani minista yana maganar hana shigo da farantan waje. Muna son a ƙera su a gida, ƙwarai kuwa, amma a fara ƙerawa su wadata tukuna, kada a maimaita mana labarin shinkafa.

Abin da ya rage aiki ne. Kowane layi ya zaɓi mutum uku, a sa mace a ciki inda akwai mata. Mako guda cur su rubuta inji nawa ne a layin, lita nawa kowane ya sha, me da me a ke kunnawa. Kada a ƙara, kada a rage, gama da wannan takarda za a auna girman farantin da za a saya, da ita kuma za mu shiga ofishin hukumar kasuwa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya zo ofishin reshe bayan la'asar, ni zan rubuta masa. Littafin sunaye yana kan tebur a bakin ƙofa.

Shugaba, na gama. Mai tambaya ya miƙe. Wassalam.