Gyaran Madatsar Ruwa Ta Alau: Jawabin Taron Shekara



An ce in ɗan yi magana a kan sana'ata ta aikin ruwa, sai na zaɓi madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, kusa da Maiduguri. An gina ta a shekarun 1980. A 1994 ruwanta ya shiga gari. Ranar 10 ga Satumba, 2024 kuwa, ta ɓalle, ruwa ya malale Kasuwar Monday, da fadar Shehu, da asibitin koyarwa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 don sake gina ta.

Mutane kan tambaye ni, "Tsawo za a ƙara mata?" Ba shi kaɗai ba. Madatsa randa ce. Kowace damina laka da yashi suna kwantawa a gindinta, wurin ruwa yana raguwa. Dole a yashe ta, a faɗaɗa mafitar ruwa, a gyara ƙofofi.

Abin da ya fi wuya shi ne rage ruwa kafin damina ta yi nisa, alhali manoman rani suna ganin asara ake musu. Mai tsaron ƙofa yana bukatar sanin ruwan da aka yi can saman kogi, da izinin buɗewa ko da tsakar dare, ba sai takarda ta iso daga ofis ba.

Ina roƙon 'yan ajinmu da ke majalisa su riƙa tambayar kuɗin kula da madatsar a kowane kasafi.