Sabo Turken Wawa: Jawabi A Kan Cefanen Intanet



Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne cefane, watau shinkafa da mai da sabulu, amma irin wanda ake yi ta intanet a kawo wa mutum har ƙofar gida. Wannan ciniki ribarsa kaɗan ce, ɗawainiyarsa kuwa babba: ga kuɗin sito, ga na motoci, ga ladan masu kai kaya. Kamfanin Webvan na Amurka ya gwada shi, ya karye a 2001. Jumia ma ta rufe sashenta na kai abinci a Nijeriya a ƙarshen 2023. Saboda haka wanda ya saya sau ɗaya ya tafi bai amfane su da kome ba. Mai komowa kowane mako suke nema, sun kuwa shirya masa dabaru.

Ta farko ita ce kuɗin rajista. A 2005 Amazon ya fito da tsarin Prime, mutum ya biya dala 79 a shekara, a riƙa kai masa kaya ba lada. Wanda ya riga ya biya, sai ya ga in bai yawaita saye ba ya yi hasara. A 2017 kamfanin ya sayi kantunan abinci na Whole Foods a kan dala biliyan 13.7, domin abinci ne abin da ba a daina saye.

Ta biyu ita ce ƙa'idar kai kaya kyauta. Sai a ce wa mutum saura kaɗan kayansa su kai adadin da za a yafe masa ladan kawowa. Nan take ya ƙara abin da bai yi niyya ba, yana murna wai ya yi tsimi.

Ta uku, wadda ta fi ƙarfi, ita ce sanin sirrin tukunyar mutum. Tun 1995 kantunan Tesco na Ingila suka fito da katin Clubcard, mai tara bayanin abin da kowa ya saya. A intanet abin ya fi sauƙi. Kwamfuta tana ƙiyasta ranar da manka zai ƙare, ta aiko da tunatarwa haɗe da ɗan rangwame, ta kuma jera maka cefanenka na jiya, sai dai ka danna kawai. Har akwai tsarin da kaya ke zuwa da kansu kowane wata, ana cire kuɗi ba sai an tambaye ka ba.

Shiga da sauƙi, fita da wuya. A 2023 hukumar ciniki ta Amurka ta kai Amazon ƙara a kan haka, a 2025 aka sasanta a kan dala biliyan 2.5, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba.

Jama'a, mai tebur na unguwarmu ma yakan yi mana gyara don mu komo. Amma shi muna ganin idonsa, muna taya kayansa, muna ƙirga kuɗin da hannunmu. Ba mu ce a guji cefanen intanet ba, domin yana rage wahala ƙwarai. Sai dai albashi da alawus ba sa kai ƙarshen wata sai da lissafi. Mu rubuta bukatunmu kafin mu ɗauki waya, mu duba abin da ake cire mana kowane wata, mu kuma tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.