ABIN DA NA KOYA A BARGA: JAWABIN WANI DATTIJON IKILISIYA A BIKIN CIKA SHEKARA 50



Kwamitin biki ya ce in faɗi wani abu a kan zamanin dā. Tarihin ginin nan wasu sun riga sun bayar, sun kuma fi ni riƙe shekaru. Ni labarin doki zan ba ku, ku yi haƙuri da tsoho.

Na zo Kano daga ƙauyenmu a 1971, ina ɗan shekara 16, ba boko ba sana'a. Wani kawuna ya kai ni gidan wani Alhaji a Fagge mai dawaki huɗu, aka sa ni a barga ƙarƙashin wani tsoho da muke kira Baba. Musulmi ne, ni Kirista, amma ko sau ɗaya bai hana ni zuwa sujada ran Lahadi ba. Sai dai ya ce in ba dawaki ruwa tukuna.

Aikin ba na malalaci ba ne. Da asuba ka kwashe kashi, ka share turke, ka goge jikin doki, ka duba kofato ko tsakuwa ta maƙale. Ka jiƙa kanwa, ka auna dawa da dusa, ka zuba harawa. Da yamma mu ja su a ragama mu ratsa ta Bata zuwa Filin Sukuwa. Lokacin babu gadar sama, babu wannan cunkoso na Keke Napep. Gwamna Audu Bako da kansa ɗan folo ne, saboda haka doki yana da daraja a garin nan. Wanda aka damƙa mini wani akawal ne, baƙi wuluk, da ya ji takuna sai ya yi haniniya.

A 1973, shekarar da Naira ta maye gurbin fam da sule, aka yi fari mai tsanani a Arewa. Hatsi ya yi tsada ƙwarai. Ga Kirsimeti na matsowa, ni kuwa akwai wani takalmi da nake gani a kantin Bata, wanda wannan unguwa ta ci sunansa. Kullum muka wuce da dawaki sai na waiwaya. 'Yan'uwa, na fara rage dawar akawal. Rabin kwano yau, rabin kwano gobe, in ƙara masa dusa don kada a gane. In ta taru in kai kasuwar Sabon Gari in sayar. Na ce a raina, ai doki ba ya magana.

Na yi haka kusan wata biyu, na sayi takalmin. Ran Kirsimeti na sa shi na tsaya cikin mawaƙa, ina ta kallon ƙafata.

Babbar Sallah ta zo kamar kwana goma bayan haka, a farkon Janairu 1974. An riga an yi wa wani hakimi alkawarin aron akawal domin Hawan Daushe, ya bi tawagar Sarki Ado Bayero da shi. Da aka zo gwada sirdi, Baba ya shafa haƙarƙarin dokin, ya ja majanyi ya ga ya wuce inda ya saba tsayawa. Bai ce kome ba. Ya dubi dokin, ya dubi ƙafata. Aka ce dokin ba zai iya ɗaukar kayan hawa ba, maigida ya ji kunya a gaban babban mutum, aka fara zargin wani yaro, abokin aikina, har aka ce ya tattara kayansa.

Daren nan ban runtsa ba. Ba wa'azi na tuna ba, gaskiya, fuskar yaron nan ce ta hana ni barci, domin shi ke ciyar da uwarsa. Da gari ya waye na cire takalmin, na ajiye a gaban Baba, na faɗa masa duka. Ya yi shiru, can ya ce, “Yaro, na sani tun jiya. Jira nake in ga ko wurin da kake zuwa ran Lahadi yana koya muku wani abu.” Shi ya kai ni gaban Alhaji, shi ya roƙa mini. Aka yanke albashina na wata uku, abokina ya zauna a bakin aikinsa. Akawal kuwa sai da damina ta faɗi, ɗanyar ciyawa ta fito, sannan ya murmure.

Na ƙara shekara biyar a bargar. A can na gane abin da Manzo Yakubu yake nufi a sura ta 3 da ya kwatanta harshe da linzami, don na ga yadda ɗan ƙarfe ke juya ingarma. Baba yakan ce mai fizgar linzami da fushi bakin dokinsa yake kashewa. Na yi ƙoƙarin tuna wannan wajen renon 'ya'yana, ko da yake uwarsu tana zaune a nan, za ta ce ba kullum na ci nasara ba.

Bayan shekaru, da wannan ikilisiya ta ce in riƙe mata kuɗi, na ce wa dattawa su fara jin wannan labari kafin su ba ni makulli. Suka ji, suka ba ni. Sharaɗi ɗaya na kafa, kada a taɓa barina in ƙirga baiko ni kaɗai. Har yau mutum uku ke zama a kan teburin nan bayan sujada, kuma matasa da yawa sun ɗauka dokar Majalisa ce daga sama.

 Ubangiji ya sa wa wannan biki albarka. Amin.