Nauyin Baya na Ƙirar Gida a Tarakta Mai Cebur: A Auna Shi Kafin a Ɗaura



Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya durƙusar da Suk al-Arabi, zuciyar cinikin Khartoum, ya kuma bar ɓaraguzai a unguwannin Khartoum da Omdurman waɗanda sai an kwashe kafin a sake gini. Taraktar da aka saya don noma a Jazira ko Gadarif, idan aka ɗaura mata cebur a gaba, za ta iya wannan aiki, amma jikinta ba a daidaita shi don ɗaukar kaya a hanci ba. Abin da nake son kafawa a wannan takarda shi ne, nauyin da maƙeranmu ke haɗawa da ganga su rataya a bayanta dabara ce mai tushe, kuma gyaran da take bukata guda ne: a san kilo nawa ne.

Da zarar cebur ya cika, tayoyin gaba sun zama tsakiyar sikeli. Kaya na danna gaba, baya na yin sama. To, birkin yawancin taraktocin noma a tayoyin baya yake, kuma su ne ke tura motar; idan suka yi sakayau, direba ya rasa birki da ƙarfin ja a lokaci guda. Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba a kan ƙusa ɗaya yake lilo a tsakiya, don haka tayoyin baya ne ke hana tarakta kifewa ta gefe. A kan tarin bulo, ko a gaɓar magudanar ruwa ta Jazira inda baƙar laka ke santsi da damina, cebur cike a sama da baya mara nauyi ya isa ya kashe mutum.

Wasu za su ce a ɗura ruwa a tayoyin baya, a huta. Ruwan yana taimakawa wajen riƙe ƙasa, ban musa ba, sai dai ba ya rage wa ƙarfen gaba ko kilo ɗaya na lodin da ke cinye shi. Nauyin da aka rataya a hannuwa uku na baya, wato tsarin ɗaura garma da Harry Ferguson ya ƙirƙiro, yana zaune ne bayan tayoyin, saboda haka yana sassauta wa gaba. Wasu kuma za su ce a sayi na kamfani. A ƙasar da ta sha takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017, ta kuma faɗa yaƙi, ba a gaya wa manomi ya jira ƙarfen da za a biya da dala alhali yana da ganga da yashi da rodi.

Sukar da na yarda da ita ita ce ta yin aiki da ka. Ganga mai lita 200 idan ruwa ne a ciki kilo 200 ce, busasshen yashi kimanin 320, kankare kuwa kimanin 480. Ganga ɗaya ce a ido, amma bambancin ya haura ninki biyu. Direban da ya ari ganga bai san abin da ke ciki ba, da ransa yake caca. Haka nan rodin gini da ake sokawa ta cikin ganga a maimakon ƙusar ɗauri: ramin hannun tarakta matsakaiciya milimita 28 ne, ƙarama 22, kuma siririn rodi zai yi ta wasa a ciki har ya lanƙwashe ko ya karye a kan hanya. Idan kuma aka sauke cebur aka bar nauyin, gaba ne zai yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana a hawa.

Don haka ina roƙon masu walda su hau da kowane nauyi kan sikeli kafin ya bar shago, su rubuta kilonsa da fenti a jikinsa, su yi amfani da ƙusa mai kaurin ramin. Direba kuma ya duba littafin taraktarsa ya ga iyakar abin da hannuwan baya ke ɗagawa, ya riƙe nauyin ƙasa-ƙasa, ya yi tafiya da cebur kusa da ƙasa, ya ajiye gangar duk ranar da ya kwance cebur.