Dashen Ɓargo da Garin Leda: Kama da Wane Ba Ta Wane

Jawabin da aka gabatar wa malamai 'yan ƙungiya da iyalansu a Ƙofar Guga, Katsina



An nemi in yi magana a kan wani magani da sunansa ya cika gari, wanda masu tallarsa ke kira sitem sel. Da wuya a sami ɗakin malamai a birnin nan da ba a taɓa kai tallarsa ba. Wasunmu sun saya, wasu har an ja su sun zama dillalai. Zan auna maganar da ciwon da muka fi sani, wato sikila ko amosanin jini, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu ciwon a kowace shekara. Wasu daga cikinsu suna zaune a ajujuwanmu, wasu a gidajenmu.

Abin da ake kira sitem sel iyayen ƙwayoyin halitta ne, waɗanda sauran ƙwayoyin jiki ke fitowa daga gare su. Na jini suna zaune a cikin ɓargo, kuma su ne ke samar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙar cuta, da masu tsayar da zubar jini. Jar ƙwayar mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Tana lanƙwashewa kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ciwon ƙashi ya tashi. Tun da matsalar daga ɓargo take, likitoci suka ce a sauya ɓargon.

Wannan shi ne dashen ɓargo, kuma magani ne na gaskiya. Dakta Donnall Thomas na Amurka ya sami lambar Nobel a 1990 saboda aikinsa a kansa. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya a Amurka da aka yi wa dashe domin sankarar jini, sai sikilarta ma ta tafi. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara yi wa mai sikila dashe a 2011, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya. Idan yaro ya sami ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda jikinsu ya dace, kusan tara cikin goma sukan rabu da ciwon.

Sai dai hanyar tana da ƙaya. Kowane ɗan'uwa damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu, kuma dole ya zama AA ko AS, shi ya sa yawancin masu ciwon ba su da mai ba su. Kafin dashe ana ba majiyyaci magunguna masu ƙarfi irin na sankara domin a share tsohon ɓargo, sannan a sa masa sabbin ƙwayoyin ta jijiya kamar ƙarin jini. Zai yi makonni a keɓe, domin a lokacin ba shi da garkuwa, ƙaramar cuta tana iya kayar da shi. Sabon ɓargon yana iya ƙin kamawa, yana kuma iya juyowa ya yaƙi fata da hanta da hanjin mai shi. Magungunan suna iya hana haihuwa, wasu kuma sukan rasa ransu. Wanda ya warke ma yana nan da gadon S da zai iya bai wa 'ya'yansa. Kuɗin aikin miliyoyin naira ne masu yawa. Akwai sabuwar hanya mai suna Casgevy, wadda Birtaniya da Amurka suka amince da ita a ƙarshen 2023, inda ake gyara ƙwayoyin majiyyacin da kansa, amma farashinta a Amurka dala miliyan 2.2 ne.

Yanzu ku kwatanta wannan da garin da ake kawo mana a ƙananan leda, a ce a zuba a ƙarƙashin harshe. Ku karanta jikin kwalin, za ku ga daga tuffa ko inabi aka samo shi. Ƙwayar tsiro ba ta zama jinin mutum. Ko da rayayya ce, busarwa ta kashe ta, abin da ya rage kuma ciki zai narkar da shi kamar tuwo. Amma ana cewa yana warkar da sikila da ciwon suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa, duk a leda guda. Lambar NAFDAC da ake nuna mana, in ma ta gaskiya ce, rajistar ƙarin abinci ba shaidar warkarwa ba ce.

Allurar da wasu asibitocin kuɗi ke yi a ƙasashen waje ma tana da haɗari. A 2015 wasu mata uku a jihar Florida ta Amurka sun biya aka yi musu allurar ƙwayoyin da aka tato daga kitsen jikinsu a idanu. Ɗaya ta makance gaba ɗaya, biyun suka rasa mafi yawan ganinsu. Bincike yana gudana a kan ciwon suga da lakar baya da wasu cututtuka, amma abin da ake gwadawa daban yake da abin da aka tabbatar.

Ba na zargin uban da ya saya. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Duk wanda ya kwana yana matsa wa ɗansa ƙafafu ya san haka. Tsorona biyu ne. Na farko, a ci bashin adashi ko na ƙungiyar taimakon juna a zuba a gari, sannan a daina maganin asibiti. Na biyu ya fi shafar mu: ana neman malami ya zama dillali ne domin mutane sun yarda da shi. Idan Malam ya ce ya gwada, uwar ɗalibi za ta sayar da akuyarta. Wannan amana ita ce jarinmu, kada mu sayar da ita saboda kamasho.

Akwai abin da ya tabbata kuma bai fi ƙarfin albashinmu ba. Maganin haidiroksiyuriya yana rage tashin ciwo, kuma binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar jiki, bayan an yi musu hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa an gano waɗanda ke cikin haɗari. Likita ne ke rubuta shi yana kuma bibiyar jini. Sai allurar rigakafi, da gidan sauro, da shan ruwa, da garzayawa asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. A aji, a bar mai sikila ya sha ruwa ya fita bayan gida, a ɗauke masa aikin wahala, a kula da shi lokacin hunturu. Gwajin jini kafin aure kuwa, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, ya kamata mu koya wa ɗalibanmu shi tun kafin zuciya ta kamu.

Duk wanda ke tunanin dashe, ya fara da likitan jini a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Wanda kuma aka kawo wa talla, ya yi tambaya uku: daga ina aka samo ƙwayoyin, a wane asibitin koyarwa aka gwada su, kuma mene ne illarsu? In aka ce ba su da illa ko kaɗan, to a riƙe kuɗi.

Ina roƙon reshe ya amince cewa ba za a ƙara tallar irin wannan kaya a ɗakunan malamanmu ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.