Dillancin Gidaje da Filaye: Lasin, Doka da Amana a Ƙasar Gobir



1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba hanyar da mutum zai bi ya zama dillalin gidaje da filaye wanda hukuma ta san da zamansa, a kuma gano dalilin da ya sa wannan magana, wadda da yawa suke ɗauka ta mutanen Ikko da Abuja ce, ta zama wajibi ga mutanen Sabon Birni da Isa da garuruwansu irin su Turba. Za a fara da matsayin dillali a al'ada da shari'a, sa'an nan dokokin ƙasa, sa'an nan matakan rajista, daga bisani a komo kan halin da ƙasar Gobir take ciki.

2. Dillali a Al'ada da Shari'a

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Akwai dillalin shanu, da na hatsi, da na tufafi, akwai kuma dillaliya mai shiga gida-gida da kayan ɗaki. Ladan aikinsu shi ake kira la'ada. A da ba wanda yake tambayar dillali takarda, domin gari ya san shi, ya san ubansa, ya san ƙofar gidansu. Idan ya ci amana, kafin kasuwa ta watse labari ya gama gari, sana'arsa kuwa ta mutu ke nan. Sanin da jama'a suka yi masa shi ne lasin ɗinsa.

Haka abin yake game da ƙasa. Gona takan shiga hannun mutum ta hanyar gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko kuwa ya sari daji da izinin sarauta. In za a sayar, sai a kira maƙwabtan gonar a zaga iyaka tare, a nuna tushen gamba ko itacen aduwa da ya raba ta da ta wani, a yi ciniki gaban shaidu, a sanar da mai unguwa da hakimi, in ta kama har uban ƙasa. Ba a rubuta kome ba sau da yawa, amma kowane dattijo da ya halarta ya zama shafi guda na littafin rajista.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da tsara wannan fage. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan yadda ƙasa take zama mallakar mutum, watau Ta'alimur Radi. Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta ladan dillali muddin an san adadinsa, sun kuma haramta masa sayar da abin da mai shi bai ba da izini ba, da ɓoye aibin kaya, da najashi, watau taya kaya da tsada ba da niyyar saye ba, don kawai a ruɗi mai saye. Har wa yau akwai hakkin shufu'a: idan mutum biyu suka yi tarayya a gida ko gonar da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyar yana da ikon karɓar rabon a kan kuɗin da aka saya. Dillalin da bai san wannan ba zai jefa mai saye cikin shari'ar gado da ba ya da hannu a ciki.

3. Dokokin Ƙasa

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun kafa doka a 1910 wadda ta sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, don a riƙe ta saboda amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan tsari da dokar 1962. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta shimfiɗa kusan irin tsarin Arewa a kan Nijeriya baki ɗaya. Ita ce take aiki har yau, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya ba ta kariya ta musamman.

Abubuwa uku na wannan doka ya kamata kowane dillali ya haddace. Na farko, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, saboda haka abin da ake saye da sayarwa shi ne hakkin zama da amfani da fili. Na biyu, filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni Gwamna ne yake ba da shi, da takardar shaidar mallaka wadda galibi takan ɗauki shekara 99 in ta gidan zama ce. Filin karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da shi bisa hakkin gargajiya, har eka mai yawa, iyakarta hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo, sai fa in Gwamna ya yarda a wuce haka. Na uku, ba a sayar da wannan hakki ko a jinginar da shi sai da yardar Gwamna ko amincewar ƙaramar hukuma, gwargwadon irin filin. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta rushe wata jinginar gida saboda ba a nemi yardar Gwamna ba. Idan banki da lauyoyinsa suka yi hasara a kan wannan, ina ga manomin da ya sayar da shanunsa ya sayi fuloti da 'yar takardar da aka rubuta a bakin kasuwa?

4. Ma'anar Lasin a Wasu Ƙasashe

A Amurka kowace jiha tana da hukumar da take ba mai sayar da gidaje lasin. Sai ya yi kwas na sa'o'i ƙayyadaddu, alal misali sa'a 63 a Fulorida, 135 a Kalifoniya, 180 a Tekzas, ya ci jarrabawa, sa'an nan ya yi aiki ƙarƙashin babban dillali mai lasin wanda zai ɗauki alhakin kurakuransa. A Ingila kuwa ba a neman lasin kafin a fara, amma dokar 1979 ta ba hukuma ikon hana wanda ya yi ha'inci ci gaba da sana'ar, kuma dole dillali ya shiga ƙungiyar da ke sauraron koke-koken jama'a. Hanyoyin sun bambanta, manufar ɗaya ce: a sami wurin da wanda aka cuta zai kai ƙara, a sami abin da za a ƙwace wa macuci.

Nijeriya ba ta da lasin guda na tarayya wanda ya hau kan duk mai dillancin gida. Abin da take da shi matakai ne daban-daban, kowane da hukumarsa.

5. Matakan Rajista a Nijeriya

Mataki mafi girma shi ne na ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye. Ƙungiyarsu, NIESV, an kafa ta a 1969, Dokar Soja ta 24 ta 1975 kuma ta kafa hukumar da take yi musu rajista, watau ESVARBON. A ɗauki misalin saurayi daga Turba wanda ya gama sakandare yana son wannan aiki. Zai nemi digiri ko babbar difloma a fannin kula da gidaje da filaye a makarantar da hukumar ta amince da ita. A Arewa ana koyar da fannin a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Bayan bautar ƙasa zai shiga ƙungiyar a matsayin ɗan koyo, ya yi aiki na wasu shekaru ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware, yana rubuta ayyukan da ya yi. Daga nan sai jarrabawar ƙwarewa da ganawa da manyan sana'ar. In ya haye, ya zama cikakken ɗan ƙungiya, sai ya nemi rajistar hukumar, a ba shi lamba da hatimi. Da wannan hatimi ne banki da kotu da gwamnati suke karɓar kimar da ya yi wa gida, kuma hukumar tana da ikon soke sunansa in ya saɓa ƙa'ida.

Wannan hanya doguwa ce, kuma kimantawa ce ta keɓanta ga masu ita. Haɗa mai saye da mai sayarwa kuwa ya ci gaba da zama a buɗe, lauyoyi suna yi, 'yan kasuwa suna yi, dillalan gargajiya suna yi. Ga waɗannan akwai mataki na biyu. Mutum zai yi wa sunan kasuwancinsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, bisa dokar kamfanoni ta 2020, don a san shi da adireshi tabbatacce. Sa'an nan zai yi rajista da SCUML, sashen da ke ƙarƙashin hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, domin doka ta lissafa dillalan gidaje cikin masu sana'ar da dole su san abokin cinikinsu, su ajiye bayanansa. Dokar 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, kamfani kuwa miliyan 10, sai ta hanyar banki. Ke nan cinikin gida da buhun kuɗi laifi ne, kuma dillalin da ya tsaya a kansa bai kuɓuta ba.

Mataki na uku na jihohi ne. Jihar Ikko ce ta yi nisa a nan: a 2022 Gwamna ya sa hannu a dokar hukumar LASRERA, wadda ta wajabta wa masu dillancin gidaje a jihar yin rajista, ta kuma buɗe ƙofar kai ƙara. Tun da yake sha'anin ƙasa yana hannun Gwamna, babu abin da zai hana kowace jiha yin irin wannan doka daidai da halinta.

6. Halin Ƙasar Gobir

Mai sauraro zai iya cewa duk wannan na birni ne, a Isa da Sabon Birni kowa ya san kowa. A da gaskiya ne. Ƙasa ce ta fadamar gulbin Rima, mai tarihi tun zamanin Alkalawa, wadda gonakinta suka bi gado kaka da kakanni, dangi kuma suka warwatsu tsakanin nan da Tsibiri da Maraɗi ba tare da iyaka ta raba zumunci ba. Amma tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa. Dubban mutane sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wasu sun taru a garin Isa da Sabon Birni, wasu sun wuce Sakkwato. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Idan sarauta kanta ba ta tsira ba, to, littafin rajistar da ke cikin kawunan dattawa yana yagewa shafi-shafi.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya gudo ba da kome ba, ko wanda aka nemi kuɗin fansa a hannunsa, zai sayar da gonarsa a kan ko nawa aka taya. Mai saye ba ya iya zuwa ya zaga iyaka, sai a yi cinikin biri a sama. Maƙwabtan da za su shaida ba su nan. Ɗan'uwa guda zai iya sayar da gonar gado alhali sauran magada suna sansanin gudun hijira, marayu da matan da mazansu suka rasu kuwa su ne ba su da bakin magana. A garuruwan da aka taru kuma, buƙatar ɗakin haya da fuloti ta ƙaru, wanda bai taɓa dillanci ba ya wayi gari dillali, yana karɓar la'ada daga ɓangare biyu, wani lokaci ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ranar da zaman lafiya ya komo, mutane suka koma garuruwansu, waɗannan cinikayya su ne za su cika kotuna, kuma rigimar gona ba ta mutuwa da waɗanda suka fara ta.

A irin wannan hali ne rajista take da amfani. Aikinta shi ne ta tsaya a gurbin sanin da gari yake yi wa dillali a da, yanzu da garin ya watse.

7. Kammalawa

Ba za a jira kowane dillalin Turba ya yi digiri ba, kuma ba adalci ba ne a kori waɗanda suka gaji sana'ar suka riƙe ta da gaskiya. Abin da ya fi dacewa shi ne tsari mai sauƙi wanda jiha za ta kafa da doka, ƙananan hukumomi su gudanar. A buɗe littafi a sakatariya mai ɗauke da sunan kowane dillali, da hotonsa, da shaidar hakiminsa. A ba shi horo na 'yan makonni da Hausa a kan Dokar Amfani da Ƙasa, da hukunce-hukuncen gado da shufu'a, da yadda ake rubuta yarjejeniya. A ƙayyade la'ada a rubuce kafin ciniki. A hana amincewa da sayar da gonar gado sai an ga takardar rabon gado daga kotu ko sa hannun dukkan magada. A kuma ajiye kofen kowace yarjejeniya a wuri biyu, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a Sakkwato, don kada gobara ko hari su tafi da ita. Wanda ya ci amana a soke sunansa, a sanar a kasuwa.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na sashen filaye, sa hannunku shi ne ƙofa ta ƙarshe kafin hakkin wani ya salwanta. Jinkirin fayil da tsadar takardu su ne suke tura talaka wajen cinikin bayan fage. Ga ɗalibai kuwa, fannin kula da gidaje da filaye yana buƙatar 'ya'yan wannan yanki, waɗanda suka san bambancin jingina da aro, suka kuma iya karanta taswirar safiyo. Wanda ya haɗa sanin doka da sanin gida shi ne zai iya tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa kowa ya tashi da kwanciyar rai.